Babur ɗin ƙanƙara ba ya riƙe silo: gano matsalar da wanke kafireta

Assalamu alaikum jama'a. Abin hawan nan mai ƙafafun sulɓi biyu a gaba da faffaɗan bel na roba a baya, shi ne babur ɗin dusar ƙanƙara, wanda ake ji da shi a Kanada da arewacin Amurka da Suwidin da Finlan. Kamfanin Bombardier na lardin Kebek ne ya fito da Ski-Doo a 1959, Polaris da Arctic Cat kuwa duk a jihar Minesota aka kafa su. Mafi yawan sababbin da ake ƙerawa yanzu injekta gare su, amma tsofaffin suna nan birjik, masu injin bugu biyu, wato wanda ke ƙona fetur haɗe da baƙin mai, da kafiretar Mikuni guda ɗaya a bakin kowace silinda. A kansu za mu yi magana. Duk wanda ya taɓa buɗe kafiretar babur ko ta janareta, yawancin kayan cikin ba za su zama masa baƙi ba.

Kafin ku tayar da injin, ku ɗage bayansa sama a kan abin tokara, yadda bel ɗin ba zai taɓa ƙasa ba. Wannan inji ba shi da firi. Kulocinsa da kansa yake kamawa da zarar juyin inji ya haura wajen 3,500 zuwa 4,500 a minti, don haka idan silo, wato juyin da inji ke yi ba a matsa totur ba, ya tashi sama ba zato, sai ku ga babur ya zabura ya nufi bango. Ku buɗe ƙofar gareji saboda hayaƙi. Kuma idan mai ruwan sanyaya inji ne, kar a bar shi a kunne ya daɗe a tsaye, domin ƙanƙarar da bel ke watsawa a ƙarƙashinsa ce ke sanyaya ruwan.

To, yanzu ku saurari injin, shi zai faɗa muku inda ciwon yake.

Idan ya tashi da cok, amma kuna mayar da cok ɗin sai ya mutu, ko kuma sai an riƙa ɗan matsa totur yake rayuwa, mai ne ba ya isa a silo. Kusan kullum ƙaramin jet ne ya toshe, wato ɗan bututun tagulla mai siririn rami da mai ke bi a cikin kafireta, wanda makanikai ke ce wa silo jet. Dalilin a bayyane yake. Ana ajiye babur ɗin nan tun Afrilu har Disamba da fetur kwance a kofin kafireta. Fetur ɗin ya ƙafe, ya bar wani danƙo kamar ƙaro, ga shi ramin jet ɗin bai wuce rabin milimita ba. Ƙari a kan haka, fetur ɗin da aka fi sayarwa a Amurka da Kanada yana da sinadarin etanol har kashi 10 cikin ɗari, shi kuwa ruwa yake janyowa daga iska, ruwan ya kwanta a ƙasan kofi ya haifar da wani tsatsa fari ko kore.

Idan kuma injin yana gurnani, hayaƙi ya yi yawa, kuka kwance fulogi kuka tarar da shi baƙi a jiƙe, mai ne ya yi yawa. A nan allurar fulot, wadda ke tsayar da shigar mai idan kofin kafireta ya cika, za a zarga, ko kuma cok ɗin bai koma mazauninsa ya rufe ba.

Na ukun shi ne wanda ya fi haɗari, kuma shi aka fi rainawa. Silo ya yi sama, ko kuwa an matsa totur an saki amma juyin ya ƙi sauka da wuri, sai ya yi ta jan ƙafa. Wannan iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya. Wasu sai kawai su sassauta sukurun silo har ƙarar ta kwanta, su ce an gyara. Ba a gyara ba, an dai rufe wa injin baki. Injin bugu biyu da iska ta yi wa yawa zafi yake ɗauka, ana hawa kan hanya a buɗe masa wuta sai fistin ya narke ko ya kama jikin silinda. Ku duba robar da ke haɗa kafireta da inji, ku lanƙwasa ta da hannu, sanyi da shekaru suna tsattsaga ta ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Injin na kan silo, ku ɗan fesa ruwan wanke kafireta a kewayen robar, nesa da salansa don yana kama wuta. Idan sautin ya canja, nan ne ke yoyo. Idan robar lafiya lau, saura sil ɗin karanshaf, musamman na bayan kuloci. Shi tabbatar da shi sai an toshe bakin kafireta da na salansa, a hura iska PSI 5 zuwa 6 cikin injin, a ga ko ma'aunin zai tsaya cak na 'yan mintuna. Wanke kafireta ba ya maganin wannan ko sau nawa aka yi.

Abu biyu masu sauƙi kafin a kwance komai: a zuƙe tsohon fetur a zuba sabo, a kuma sa sababbin fulogi. Da yawa daga cikin waɗannan injina NGK BR9ES suke sha, da tazarar baki 0.7 zuwa 0.8 na milimita. In da ma'aunin kwamfireshan, a gwada, bambancin silinda da silinda kar ya wuce kashi 10 cikin ɗari.

Yanzu sai kwancewa. Ku rufe mai, ku cire akwatin iska, ku sassauta ɗaurin robar, ku zare kafiretar. Murfin sama da hannu yake warwaruwa, totur ɗin ciki zai fito tare da sifirin da doguwar allurarsa, ku bar su rataye a jikin kebul. Ɗaya bayan ɗaya za a yi aikin, kowace kafireta da farantinta. Ba don tsari kawai ba: a wasu injinan lambar babban jet na ɓangaren kuloci ta bambanta da ta ɓangaren magneto, idan aka musanya su an jawo wa silinda ɗaya ƙishi.

Sukurori huɗu ne ke riƙe da kofin. Ƙirar Japan ce, kansu ya yi kama da na sukudireba mai baki huɗu da aka saba, amma ba daidai suke ba, don haka a danna da ƙarfi kafin a murɗa, in ba haka ba kan ya cinye. Kofi ya fita, ga babban jet nan a tsakiya mai kusurwa shida, soket lamba 6 ke kwance shi. Ƙaramin jet kuwa yana ɓoye can cikin wani siririn rami a gefensa. Ku nemi sukudireba mai baki ɗaya da ya cika tsagar daidai, domin tagulla ce, da ta gutsure fitar da shi ya zama aiki.

Sukurun iska da ke gefe, kar ku kwance shi kai tsaye. Ku fara ɗaure shi ciki a hankali kuna ƙirga juyi har ya taɓa ƙasa, ku rubuta, sannan ku fitar. A hankali fa, bakinsa tsini ne, matsi kaɗan ke lalata shi.

Duk wani abu na roba a ware shi gefe, ruwan wanke kafireta yana kumbura roba. Jet-jet ɗin a jiƙa su minti 20 zuwa 30, a hure da iska. Ku ɗaga ƙaramin jet ga haske. Rami zagayayye tas ake son gani, tare da ƙananan hudojin da ke jikinsa. In ya ƙi buɗewa, a zira silin burushin nailan ko siririyar wayar tagulla mai laushi. Allurar ɗinki ko wayar ƙarfe faɗaɗa ramin take yi, daga nan kuma injin ya koma shan mai fiye da kima. Gaskiya idan ya ci tsatsa, sayen sabo mai lamba ɗaya ya fi, kuɗinsa kaɗan ne.

Ga inda mutane da yawa ke yin rabin aiki. Jet ya fita fes, amma hanyar da ke cikin jikin kafiretar tana nan a toshe. Ku sa tsinken gwangwanin ruwan wanke kafireta a ramin ƙaramin jet ku fesa, da tabarau a idonku. Dole ruwan ya fito ta wurare uku: ta ramin sukurun iska, ta ƙaramar ƙofar iska da ke bakin kafireta, da kuma ta ɗan ramin da ke cikin maƙogwaro a ɓangaren inji. Ku toshe biyu da yatsa don ƙarfin ya koma kan na ukun. Wannan na cikin maƙogwaron shi ne ke ciyar da silo, in bai yi feshi ba, ba a gama ba.

Allurar fulot, ku duba tsininta. In kun ga zobe ya kwanta a jikinsa, a canja ta tare da mazauninta. Ku girgiza fulot kusa da kunne, in kun ji motsin mai a ciki ya huje. A kafiretar Mikuni VM mai fulot biyu a cikin kofi, idan aka kifa ta, hannun fulot ya kamata ya kwanta daidai da layin da gasket ke zama. Ɗan harshen da ke tsakiya ake lanƙwasawa don gyara shi. Shi kuma cok, a tabbata robar ƙasansa ba ta tsage ba, kuma kebul ɗinsa na da ɗan sako-sako na milimita 1 zuwa 2.

An mayar da komai, saura saiti. Sukurun iska ya koma lissafin da kuka rubuta, ko abin da littafin kamfani ya ce, galibi juyi 1 zuwa 1 da rabi. Ku lura da inda yake: in yana ɓangaren akwatin iska, fitar da shi ƙara iska ne. In yana ɓangaren inji, sukurun mai ne, fitar da shi ƙara mai ne.

Kafiretocin biyu kuma sai an daidaita su. Ku sa gindin bakin dirila guda a ƙarƙashin totur na farko, ku juya sukurun silo har ya shige da ɗan gogayya, ku yi wa na biyu haka da wannan bakin dirilar. Sai ku sa yatsa a kan kowanne ku matsa totur a hankali, tare ya kamata su motsa, wanda ya makara a gyara kebul ɗinsa a saman murfi. Duk lokacin da aka taɓa kebul, a sake duba alamar famfon baƙin mai ta zauna daidai da layinta, tunda totur ɗin ne ke jan shi. A bar ɗan sako-sako a hannun totur ma, domin injinan Yamaha da Arctic Cat da Polaris na da makunnin tsaro da ke yanke wuta idan saitin kebul bai yi daidai ba, sai a yi ta zargin kafireta alhali ba ruwanta.

A mayar da akwatin iska kafin a kunna, saiti ba tare da shi ba ƙarya ne. Inji ya yi ɗumi, sai a riƙa juya sukurun iska kwatan juyi a kowane karo, duka biyun daidai, ana jiran daƙiƙa 15 tsakani, har a sami inda sautin ya fi santsi kuma totur ke amsawa ba tangarɗa. Daga nan a saukar da silo zuwa adadin littafi, yawanci tsakanin 1,500 da 1,800. In sai da sukurun iska ya wuce juyi 2 da rabi a waje, ƙaramin jet ya yi girma. In bai kai rabin juyi ba, ya yi ƙanƙanta ko har yanzu da sauran datti.

Saitin ƙarshe a waje ake yin sa, cikin sanyin da za a hau babur ɗin. Iska mai sanyi ta fi nauyi, don haka injin da ya zauna lafiya a gareji mai ɗumi zai iya jin ƙishin mai a digiri 20 ƙasa da sifili, a kan tsauni kuma akasin haka ne. Idan lokacin ajiya ya zo a watan Afrilu, a zuba sinadarin hana fetur lalacewa a tanki, a bar injin ya yi aiki minti 10 don ya ratsa ko'ina, a rufe mai, sannan a kwance notin ƙasan kowane kofi a tsiyaye abin da ya rage.