Kuɗin lasisin kare da tarar cizo: wa ke amfana?

Sani: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ina tare da Hadiza da Malam Habu, kuma hirar tamu akan karnuka masu haɗari ne, da kuɗin lasisi da tarar da ƙananan hukumomi ke ɗorawa masu su. Hadiza ke kika kawo maganar, bismillah.

Hadiza: Wallahi abun ne ya tsaya min a rai. Ɗan ƙanwata ne, shekararsa bakwai, an bar get a buɗe kare ya fito ya cafke shi a sharaɓa, na ga ciwon da idona, ramin haƙori huɗu ne biyu sama biyu ƙasa, wandon ya manne da jini sai da aka sa almakashi aka yanke shi. Toh abun da yafi ƙona min rai shine da aka je wajen mutumin da karen ya fito daga gidansa sai yace shi ba karensa bane, zuwa kawai yake cin abinci. Ba takarda ba rajista ba komai da zaka riƙe shi da shi.

Malam Habu: Allah ya ƙara sauƙi. An dai yi masa allura ko?

Hadiza: An yi Malam, a ranar aka fara.

Malam Habu: Madalla, don haukan kare ba abun wasa bane, Hukumar Lafiya ta Duniya tace yana kashe mutum wajen 59,000 duk shekara, kuma kusan duka daga kare ake ɗauka. Kinga abun da kika faɗa ɗin nan shine asalin amfanin lasisi. Mutane suna ganin kamar haraji ne kawai, alhali babban aikinsa ya ɗaure kare da sunan wani mutum da adireshinsa, ranar da tsautsayi ya faru ba mai cewa ban san shi ba.

Sani: Amma Malam wasu wuraren ai harajin ne ƙiri-ƙiri. A Jamus kowane gari shi ke yanka nasa harajin kare. Hambug misali, kare na yau da kullum yuro 90 ne a shekara, amma in an sa shi cikin masu haɗari yuro 600 zaka biya. Munik ma yuro 100 ne da yuro 800.

Malam Habu: Haka ne, kuma da gangan suka tsauwala, so suke mutum ya ji nauyin ajiye irin karen ya haƙura. Ka tuna a Hambug ɗin ne a shekarar 2000 karnuka biyu suka kashe yaro ɗan shekara shida a filin wasan makaranta, daga nan dokokin suka yi tsanani.

Hadiza: Ni fa anan nake da ja. Wanda zai je ofis da ƙafarsa ya biya yuro 600 dama mai kiyaye doka ne, karensa na ɗaure, yana da rigakafi. Shi kuwa wanda ake tsoro, mai horar da kare don ya razana mutane, kuɗin nan ƙara masa dalilin ɓoyewa yake, sai ya kulle karen a bayan gida baya ganin mutane baya ganin likitan dabbobi, ranar da ya kuɓuce kuma sai yafi da muni.

Sani: Kenan kina ganin a rage kuɗin?

Hadiza: A sa na rajista ya zama kowa zai iya biya, a Ayland ta Arewa fam 12.50 ne a shekara kuma ƙananan hukumomi ke karɓa. Sai a ajiye tsananin ga wanda karensa ya taɓa cizo ko aka kama shi yana yawo ba igiya. Tunda laifin a hali yake ai halin ya kamata a bi.

Malam Habu: Wannan gardamar tsohuwa ce, tsakanin masu cewa a duba jinsin kare da masu cewa a duba abun da ya aikata. Birtaniya tayi dokar karnuka masu haɗari a 1991 ta haramta jinsi huɗu, har da pit bull, sai gashi a Ingila da Wales an ƙara jinsin XL Bully, daga 1 ga Fabrairu 2024 ba zaka riƙe shi ba sai da takardar izini. Fam 92.40 aka biya na takardar, sannan dole a dandaƙe shi, a sa masa cip mai ɗauke da lambar shaidarsa a ƙarƙashin fata, in zai fita a sa masa takunkumi da igiya, kuma a lokacin an wajabta ka yi inshorar da zata biya diyya in ya ciji wani. Holan kuma ta hana pit bull a 1993 ta dawo ta janye a 2008 saboda cizon bai ragu ba.

Sani: Inshorar nan ita tafi jan hankalina gaskiya. Saboda tara in an ci mutum, asusun hukuma take shiga, wanda aka ciza ko sisi baya gani. Hadiza wa ya biya kuɗin asibitin yaron?

Hadiza: Uwarsa mana. Allura zuwa bayan zuwa, ga wankin ciwo, ga yaro har yau in yaji haushin kare sai ya ƙanƙame ta yana rawar jiki. Da za'a ci mutumin tara ninki goma ba abun da zai rage mata.

Malam Habu: Shi yasa nake cewa kar a bada lasisin kare mai tarihin cizo sai an ga takardar inshora. Kuma tara kaɗai bata isa ga babban laifi, Ingila tun 2014 in karenka ya kashe mutum kana iya shan ɗaurin shekara 14, ko da a cikin gidanka abun ya faru.

Sani: Toh saura tambaya ɗaya, kuɗin lasisin da ake tarawa ina yake zuwa? Don in ba ma'aikacin da zai zo in an kira, ba mota ba wajen tsare kare, mutum zai ga ya biya a banza shekara mai zuwa bazai sabunta ba.

Hadiza: Ni da za'a tambaye ni, duk hukumar dake karɓa ta riƙa fitar da lissafi duk shekara, karnuka nawa akayi wa rajista, cizo nawa aka kawo ƙara, nawa aka bi har ƙarshe. Ƙanwata sau uku tana zuwa kai ƙara ana ce mata mai kula da sashen baya nan.

Malam Habu: Yanzu karen yana ina?

Hadiza: Yana nan Malam, shekaranjiya ma an gan shi kwance a bakin get ɗin, ba igiya.