An Kira Ni Shaida Saboda Kare a Manchesta

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, Manchesta ce, ba ta rabo da ruwa da iska. Yau dai na ga abin da ya ɗaure min kai. Ina cikin bas na taso daga aiki sai ga kira, wata mata daga gidan da ake tsugunar da karnukan da aka ceto. Ashe maƙwabciyata, dattijuwar nan da nake taya ta fitar da shara, ita ta ba da sunana in yi mata shaida. Kare take son ɗauka.

Wallahi matar nan ba wasa take ba. Tun yaushe na san ta? Tana yawan tafiye-tafiye? Jikokinta na zuwa, kuma shekarunsu nawa? Ƙafarta na iya zagayen safe da yamma? Na amsa tsakani da Allah, don baiwar Allah mutuniyar kirki ce.

Kuma wannan somin-taɓi ne. A gabana ma'aikacinsu ya zo duba gidan. Ya auna tsawon shingen bayan gida, ya duƙa har gwiwarsa ta taɓa laka yana leƙen ƙarƙashin ƙofa ko akwai kafar da kare zai sulale. Ya ga kwalbar maganin ɓera a gindin bango, ya ce a ɗauke ta yau ɗin nan. In haya kake, sai ka kawo takardar amincewar mai gida. In aikinka na sa ka wuni a waje, to da sauran magana, don ƙa'idarsu kada a bar kare shi kaɗai fiye da awa huɗu. Duk wanda ke kwana a gidan sai ya je sun ga juna da karen. Bayan duk wannan ka biya fam 200 da ɗoriya, amma an yi masa rigakafi, an saka masa 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata. Tun 2016 doka ta wajabta wannan na'urar, tarar rashinta na kai fam 500.

Akwai kuma masu riƙo. Kare ne da aka yi wa tiyata, ko wanda duka ya firgita shi har ba ya iya zama cikin hayaniyar 'yan uwansa, sai a ba ka shi na makonni ko watanni, abinci da kuɗin likita a wuyan gidan karnukan. Su ma sai an tantance su tsaf. A nan ne jikina ya yi sanyi. Yara nawa ake bayarwa riƙo can gida ƙasarmu, daga ƙauye zuwa birni, ba wanda ya je ya ga inda za su kwanta, ba wanda ya koma bayan wata uku ya tambayi yarinya ko tana zuwa makaranta? Wannan ya tsaya min a rai sosai.

Su fa sun daɗe a harkar. Gidan karnuka na Battersea a Landan, tun 1860 wata mata Mary Tealby ta kafa shi. Amma kada wani ya ce mu ba mu san haƙƙin dabba ba. Kakana mafarauci ne, Allah ya jiƙansa, ba ya ba da ɗan kwikwiyo sai ga wanda ya san halinsa, kuma in an dawo daga daji karnuka ke fara shan ruwa. Mu ne aka karantar da mu hadisin mutumin da aka gafarta masa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Kai, na tuna farautar rani, da ƙura da kiɗan gangi.

Ɗan'uwa, in yaranka sun matsa maka a nan sai ka kawo musu kare, ka fara zama da malaminka kan hukuncin ajiye kare a cikin ɗaki. Kada ka sayi na intanet don araha, musamman irin XL Bully, wanda tun Fabrairun 2024 laifi ne mallakarsa ba takardar izini. Likitan dabbobi a nan, dubawa kawai sai ka ajiye fam 50 ko fiye. Kuma kada ka yi ƙarya a fom. Suna bibiya, kuma takardar da za ka sa wa hannu ta ce in ka gaza, su za ka mayar wa, ba ka da ikon sayarwa ko kyautarwa.