Yadda Ake Renon Bishiyar Kirep Matil a Ƙasar Kebbi

Assalamu alaikum, masu karatu. Bishiyar da za mu yi magana a kanta, wadda furanni suke yin cincirindo a ƙarshen kowane reshenta, ita ce kirep matil, wadda masana tsirrai suke kira Lagerstroemia indica. Asalinta daga ƙasar Sin da maƙwabtanta take, kuma masanin tsirrai Carl Linnaeus ne ya raɗa mata wannan suna a 1759 domin karrama wani ɗan kasuwar Suwidin, Magnus von Lagerström. Idan aka matso kusa da fure guda, za a ga kunnuwansa shida ne, a tattare kamar takardar da aka cukuikuye, kuma akwai fari, da ja, da ruwan hoda, da shunayya.

Bishiya ce mai son rana, domin tana buƙatar aƙalla sa'o'i shida na hasken rana kai tsaye a kullum. A Birnin Kebbi ko Argungu wannan ba abin nema ba ne, sai dai masu gida da yawa sukan dasa ta a ƙarƙashin dogon yaro ko a jikin doguwar katanga don tausaya mata, sai ta yi ta tsawo tana neman haske ba tare da ta yi furen kirki ba.

Ba ta jure kwanciyar ruwa a gindinta, saboda haka lakar fadama ba ta dace da ita ba, sai an ɗaga wurin an gauraya da yashi. A jigawa kuwa, ruɓaɓɓen takin shanu ake zubawa domin ƙasa ta riƙe laima. A haƙa rami mai faɗi ninki biyu na ledar dashen, amma kada zurfinsa ya wuce nata. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan damina ta kankama, daga ƙarshen Yuni zuwa Yuli, ta yadda saiwa za ta kama kafin ruwa ya ɗauke. Bazararta ta farko ita ce mai haɗari, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a Maris da Afrilu, don haka a riƙa ba ta ruwa mai ratsa ƙasa sau biyu ko uku a mako, a kuma lulluɓe gindin da busasshiyar ciyawa ba tare da ta taɓa kututturen ba, saboda gara. Wasu sukan tuttula toka don korar garar, amma tokar da ta yi yawa tana rage tsamin ƙasa, wannan bishiya kuwa ƙasa mai ɗan tsami take so, kuma idan ta rasa shi ganyenta yakan koma ɗorawa.

Da hunturu ya shigo, tana iya zubar da ganyenta, ɓawonta kuma ya riƙa saɓulewa yana bayyana santsin jiki mai launi biyu ko uku. Wannan ɗabi'arta ce, ba mutuwa ta yi ba.

A wajen sassabe ne aka fi cutar da ita. Furenta a kan sabon toho yake fitowa, wato reshen da ya fito a wannan shekarar, shi ya sa ake gyara ta a ƙarshen hunturu, kafin ta fara tofowa. Amma gyara daban, datse kai daban. Idan aka sare manyan rassanta da adda, wurin saran yakan kumbura ya zama ƙulli, sannan ya fitar da siraran rassa masu yawa waɗanda ba su iya ɗaukar nauyin fure, da iskar farkon damina ta kaɗa sai su sunkuya ko su karye. Abin da ya kamata shi ne a zaɓi kututture uku zuwa biyar masu ƙarfi a bar su, a cire 'yan tsiron da suke fitowa daga gindi, da busassun rassa, da waɗanda suke gogar juna. A ganina, wanda farfajiyarsa ƙarama ce gara ya nemi gajeren iri tun farko, maimakon ya riƙa faɗa da doguwar bishiya kowace shekara.

Takin zamani ma a yi hattara da shi, domin yuriya mai yawa ganye take ƙarawa, fure kuwa ya ragu.

Ƙwarin da suka fi damun ta su ne masu kawo darɓa, irin wadda manoman dawa suka sani, waɗanda suke tsotsar ganye suna barin danƙon da yake komawa baƙi. Feshin ruwan sabulu mara ƙarfi da yamma yana rage su. Akwai kuma cutar da take sa ganye ya yi fari fat da wani gari-gari, musamman a inuwa da inda iska ba ta ratsawa, sai dai ire-iren kirep matil masu suna Natchez da Muskogee, waɗanda aka samar a Amurka ta hanyar barbara da wani jinsi na Japan, sun fi jure mata.

Mai son ƙara yawanta zai yanki ɗanyen reshe mai tsawon santimita 15 da damina, ya cire ganyen ƙasa, ya soka shi cikin yashi mai laima a inuwa har ya yi saiwa, sannan ya kewaye dashen da waya ko ƙaya saboda awaki.