Mai Jitar Lantarki a Yamai: Biki da Dare, Koyarwa da Rana

Assalamu alaikum masu kallo. Yau zancenmu a kan mai kaɗa jitar lantarki ne, irin wadda ake jona wa amfili ta yi ƙara har unguwa ta amsa. Muna nufin mutumin da jita ce gonarsa, da ita yake biyan kuɗin haya, da ita yake sayen hatsin gida. Ina kuɗi ke shigo masa? Wa ya koya masa, shi kuma wa yake koya wa?

Mu fara da kayan aikin. Ku dubi ƙarƙashin tsirkiyoyin nan shida. Waɗannan ƴan sandunan maganaɗisu ne, an nannaɗe su da siririyar wayar jan ƙarfe. Tsirkiya ta girgiza, maganaɗisu ya mai da girgizar ta zama ƴar wutar lantarki, waya ta kai ta amfili, amfili ya ɗaga ta. In aka matsa wa amfili har abin ya fi ƙarfinsa, sai sautin ya yi kaushi, ya riƙa gurnani. Wannan kaushin shi ne muryar kiɗan rok. Siffar jitar da kuka fi gani a hannun makaɗanmu kuwa, Stratocaster ce ta kamfanin Fender, wadda ta fito a Amurka a 1954, kuma a hannun Jimi Hendrix duniya ta ga iyakar abin da za ta iya a ƙarshen shekarun 1960.

A Nijar, jitar nan ta sami gida ta hannun samarin Abzinawa da fari da neman aiki suka kai Aljeriya da Libiya. Marigayi Abdallah Oumbadougou yana cikin na farko. Wani yaro daga jihar Tahoua, ɗan yankin Tchintabaraden da Abalak, ya ga Abdallah yana kiɗa, ya koma gida ya haɗa jitarsa da katako da wayar birkin keke, alhali mutanen gidansu ba su son zancen kiɗa. Yaron nan shi ne Mdou Moctar, bahago kamar Hendrix. A 2008 ya je Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na farko, kuma ba a kanti suka bazu ba. Daga salula zuwa salula suka yi ta yawo ta Bluetooth da katin memori, har wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya ji su ya shiga nemansa. Bombino na Agadez shi ma haka. Yana gudun hijira a Aljeriya ya riƙa kallon bidiyon Hendrix da Mark Knopfler yana kwaikwayon hannunsu, daga baya wani babban makaɗi, Haja Bebe, ya ɗauke shi cikin ƙungiyarsa. Kundin waƙoƙin Bombino na 2018 ne ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da sunansa ya shiga jerin masu takarar babbar kyautar kiɗa ta Grammy.

To, waɗannan su ne sunayen da suka tsallaka teku. Amma har su, biki ne ya raine su.

Biki shi ne ginshiƙin sana'ar nan. Da la'asar an loda amfili da ganguna a mota, an kafa rumfa a tsakiyar layi, an ja waya daga gidan ango. In wuta ta ɗauke, kamar yadda ta saba lokacin zafi, sai a tada janareta, mai jita ya yi ta fama da ƙugin da ke biyo waya. Awa uku, awa huɗu yana tsaye. Idonsa na kan masu rawa, don su ne za su gaya masa ko ya ƙara wuta ko ya sassauta. Kuɗin da aka yi ciniki a kai, da liƙin da aka samu, duk sai an raba: mai ganga, mai bas, mawaƙi, mai hayar kayan sauti, direba, da yaran da suka ɗauki kaya. Kuma aikin na da lokaci. Gabanin azumi da bayan salla biki ya yi yawa har a rasa wanda za a karɓa. Watan azumi ya kama, jita ta koma jakarta. Wanda bai yi tanadi ba zai ji a jikinsa.

Ƙungiyar Tal National ta nan Yamai ta nuna yadda ake riƙe wannan aiki da gaske. An san su da kiɗan awa biyar ba hutu, dare biyar a mako, ga mutane da yawa a ƙungiyar har sukan rabu biyu su yi wasa wuri biyu a lokaci guda. Shugabansu, Hamadal Issoufou Moumine, wanda aka fi sani da Almeida, mai jita ne, ya yi aikin alƙali, kuma ya koyar da yara a gidan marayu na SOS. Ku riƙe wannan: ko shahararren makaɗi a birnin nan, da wuya ka same shi da sana'a guda.

Tafiya waje fa? Tana kawo suna, tana kawo kuɗi, amma biza da tikitin jirgi da masauki da kason masu shirya wasa suna cinye kaso mai tsoka. Ga kuma abin da ba a shirya masa ba. Lokacin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Mdou Moctar da abokan kiɗansa ƴan Nijar suna zagayen wasa a Amurka, aka rufe iyakoki, suka maƙale can nesa da iyalansu.

Yanzu mu zo inda na fi son mu daɗe, wato koyarwa.

Ku dubi yaron nan a kan tabarma. Darasinsa na farko ɗaurin tsirkiya ne, kowace da sunan sautinta: Mi, La, Re, Sol, Si, Mi, daga babba zuwa ƙarama. Malam zai kwance guda da gangan, ya miƙa masa ya ce, “Gyara.” Akwai manhajar salula da ke yin wannan aiki, amma malamin kirki ba ya barin yaro ya dogara da ita, domin a tsakiyar biki kunne ne zai cece shi. Masu salon arewa da yawa sukan ƙara ɗaure babbar tsirkiya daga Mi ta hau Sol, don ta riƙa amsawa a ƙasa ba tare da an danna ta ba.

Sai ciwon yatsu. Makonnin farko tsirkiyar ƙarfe na shata layi a kan yatsa, yaro ya riƙa hura hannu yana cewa, “Malam, zafi.” Malam ya ce, “Ajiye, ka sha ruwa, ka dawo.” Kaɗan-kaɗan kullum ya fi yini guda a mako, har kanta ta fito. A nan ne yawancin masu koyo ke gudu, kuma a nan ake gane malami mai haƙuri.

Ku kalli hannun dama yanzu. Babban yatsa yana bugun tsirkiyar ƙasa ba fashi, manuniya tana tsinto waƙa a sama. Hannun hagu kuma yana sauke yatsa da ƙarfi a kan tsirkiya, ya fizge shi, sauti biyu ko uku su fito daga kaɗawa ɗaya. Sautuka biyar ne ginshiƙin abin, su ne kuma ginshiƙin kiɗan bulus da na rok, su ne kunnen yaron ya saba ji a goge da molo. Shi ya sa ɗan Tahoua ba ya jin solon rok, wato inda mai jita ke fitowa gaba ya nuna gwaninta, baƙo ne. Abin da ya fi wuyar koyarwa shi ne lokaci. Malam yakan karɓe jitar gaba ɗaya, ya sa yaro tafi da hannu a kan kiɗan tende ko takamba, sai ƙafa da hannu sun daidaita kafin a mayar masa.

Daga nan makarantar ta koma wurin biki. Yaro ya fara da naɗe waya da ɗaukar amfili. Ya koyi liƙe wayar da ta tsinke da dalma, ya koyi goge tsirkiya don kada gumi da damina su sa ta tsatsa, ya san ƙurar hunturu ce ke sa maɓallin murya ƙara. Wata rana a ba shi jitar rakiya, ya yi shekaru yana riƙe wa maigidansa kiɗa kafin a ce masa ya yi solo.

Akwai makaranta ta hukuma, cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM Elhaji Taya a Yamai, wadda aka buɗe a 1989. A can ƙungiyar Mamar Kassey ta samo asali, a can marigayi Malam Maman Barka ya koyar. Amma cibiya ɗaya ba ta isar ƙasa, don haka yawancin darasi a zaure da fada ake yinsa, gefen butar shayi, sau da yawa ba ko dala. A Amurka kuwa koyarwa sana'a ce da ake biya. Joe Satriani ya yi shekaru yana ba da darasin jita kafin sunansa ya fito a 1987, kuma Steve Vai, da Kirk Hammett na ƙungiyar Metallica, duk sun zauna gabansa. A ganina wannan ne ya kamata mu ɗauka. Uban da zai biya mai koya wa ɗansa ɗinki ko gyaran babur, ya dace ya biya mai koya masa jita, a yanka kuɗin wata, a tsai da rana da lokaci. Makaɗin da ya san darasi zai ciyar da gidansa a watan da babu biki, zai zauna ya koyar da zuciya ɗaya.

Kuma a buɗe wa ƴan mata ƙofa. Fatou Seidi Ghali ta ƙauyen Illighadad, kusa da Abalak, da jitar yayanta ta koya wa kanta, yau ƙungiyar Les Filles de Illighadad ta yi wasa a Turai da Amurka. Wadda ke son koyo a Yamai ko Tahoua, malam ya zo gidansu da rana, a yi darasi a tsakar gida, iyaye na gani.