Rukunan da Aka Yi Ritaya da Su a Wheel of Fortune

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kallo, barkanmu da sake saduwa. Yau ina magana da ku daga Culver City, kusa da Los Angeles a jihar Kalifoniya, garin da ake ɗaukar shirin Wheel of Fortune, wanda Merv Griffin ya ƙirƙiro kuma aka fara nuna shi a tashar NBC a shekarar 1975. Ga wanda bai taɓa kallo ba, mutum uku ne ke fafatawa: kowa ya juya ƙaton faifai mai ɗauke da adadin kuɗi, ya faɗi baƙi ɗaya, idan baƙin yana cikin kalmomin da aka ɓoye a kan allo sai a buɗe masa, wasali kuwa saye ake yi a kan dala 250. A ƙarƙashin allon ana rubuta rukunin da kalmomin suka fito daga ciki, kuma rukunan da aka daina amfani da su ne nake son mu duba.

Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Megaword, wanda bai wuce zangon 1994 zuwa 1995 ba. Doguwar kalma guda ɗaya ake ɓoyewa, kuma wanda ya gano ta sai a ce ya saka ta cikin jimla domin ya sami ƙarin dala 500. Pat Sajak, wanda ya jagoranci shirin daga 1981 har ya ajiye aiki a 2024, bai ɓoye cewa ba ya ƙaunar wannan rukuni ba, a gaban kyamara ma yakan nuna hakan. Idan kuka nemi tsofaffin bidiyon shirin a intanet za ku ga dalili. Akwai ranar da kalmar ta kasance OXIDIZED. Ku duba ta da kyau: babu R, babu S, babu T, babu L, babu N, wato dukkan baƙaƙen da 'yan wasa suka saba fara kira. Sai faifai ya yi ta juyawa, ana kiran baƙi ana jin ƙarar kuskure, allo yana nan fari fat, mutum uku sun yi cirko-cirko suna kallon gurabe takwas.

Duk da haka ni ina ganin an yi gaggawar jefar da shi. Shi ne wuri ɗaya da shirin yake tambayar ɗan wasa ko ya san ma'anar kalmar da ya karanta, kuma ga baƙo irina da ya ƙara gogewa a Turanci ta hanyar zama gaban talabijin bayan tashi daga aiki, jin kalma mai wuya cikin jimla ya fi ganin haruffanta amfani nesa ba kusa ba.

Akwai kuma dangin rukunan da ake biyo su da tambaya. A Clue, abin da ke kan allo bayani ne kawai, sai ɗan wasa ya faɗi abin da ake nufi. A Where Are We? ana ba da alamomin wani wuri ne, shi kuma ya ambaci sunan wurin. Haka Who Said It? da Fill in the Blank da Slogan suke, kowanne da ƙarin kuɗi ga wanda ya amsa daidai. Duk wanda ya tashi yana jin "ƙulun ƙulufit" da dare a tsakar gida zai gane wannan tsari nan take, domin warware zance mataki ne, gano abin da yake nufi kuma wani mataki ne daban. Kafin ƙarshen shekarun 2000 sun ɓace ɗaya bayan ɗaya, a daidai lokacin da shirin ya ƙara karkata ga sauri, musamman bayan shigo da zagayen gaggawa da ake danna ƙararrawa a 2000.

Rukunin da ban yi baƙin cikin tafiyarsa ba shi ne na kalmomi da jimlolin wasu harsuna, wanda aka gwada a farkon shekarun 1990. A wannan wasa dole ne a furta amsa daidai, kuma babu adalci a yanke wa mutum hukunci kan lafazin Faransanci ko Sifaniyanci alhali alƙalan ma ba harshensu ba ne. Mu da muke zaune a nan mun san yadda ake lanƙwasa sunayenmu a asibiti da wurin aiki.

Before & After (zance biyu da kalma ɗaya ta haɗa su a tsakiya) da Same Name (abubuwa biyu da suke ƙarewa da kalma iri ɗaya) suna nan har yau a hannun Ryan Seacrest, wanda ya gaji Sajak, da Vanna White mai buɗe haruffa a allo, kuma su ma suna buƙatar tunani, amma tunanin yana ƙarewa ne da zarar an buɗe harafin ƙarshe. Da masu shirin za su nemi shawarata, Where Are We? zan ce su fara dawowa da shi, domin tambayarsa ba ta cin lokaci, kuma mai kallo a gida yakan tashi da sanin wani gari ko wata ƙasa da bai sani ba.