Wa ke gadin abincin da muke ci?

Hadiza: Masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Malam Sani, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa duk shekara gurɓataccen abinci na kwantar da mutum miliyan 600, kuma 420,000 daga ciki na rasuwa. Wa ke da alhakin tsare mu?

Sani: Alƙaluman nan na tayar min da hankali, Hadiza. Kowace ƙasa da yadda ta ɓullo wa lamarin. A Amurka an raba aikin gida biyu: nama da kaji na hannun ma'aikatar noma, yawancin sauran abinci na hannun hukumar kula da abinci da magunguna, wato FDA. Ƙwai yana cikin ɓawonsa na FDA ne, da an fasa shi an sarrafa a masana'anta ya koma hannun ma'aikatar noma.

Hadiza: Ikon Allah! Ƙwai ɗaya, masu gadi biyu.

Sani: Turai kuwa sai da cutar haukan shanu ta girgiza su, sannan a 2002 suka kafa hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai, wato EFSA, mai mazauni a Parma ta Italiya. Aikinta auna haɗari a kimiyyance, yanke hukunci kuma na mahukunta ne. Wannan ya fi kwanta min a rai, don mai bincike ba ya tsoron abin da sakamakonsa zai jawo wa manoma ko 'yan kasuwa.

Hadiza: Amma Malam, duk gwamnati kake lissafowa. Jami'i nawa za a ɗauka su leƙa kowace masana'anta? Dubi Sin. A 2008 aka zuba sinadarin melamin, wanda ake yin kayan roba da shi, a madarar jarirai, kusan yara 300,000 suka kamu, aƙalla shida suka rasu. Dokarsu ta 2015 ta ce gadin na kowa ne: kamfani, 'yan jarida, mai saye. Wanda aka sayar wa abinci marar inganci da gangan na iya neman diyya ninki goma na kuɗinsa.

Sani: A takarda ya yi kyau. To idan ɗan jaridar bai da 'yancin fallasa kamfanin fa? Kuma mai saye ba ya ganin ƙwayar cuta da ido.

Hadiza: Shi ya sa dole a ba shi bayani. A Denmak tun 2001 ake liƙa sakamakon bincike a gidajen abinci, da alamar fuska mai murmushi ko mai ɗaure.

Sani: Nan na yarda da ke. Sai dai ki lura, jami'in gwamnati ne ya fara shiga kicin ɗin, kafin mai saye ya samu abin karantawa.