Kunkuru a cikin ɗaki lokacin sanyi

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ni da Malam Isa za mu yi magana a kan kunkurun da ake kiwo a gida, da abin da ya kamata a yi masa idan sanyi ya shigo. Malam, na sha jin cewa a Ingila akwai masu saka kunkurunsu a firji har tsawon makonni, kuma abin ya ɗaure mini kai.

Malam Isa: Gaskiya ne, Malama, amma ba kowane kunkuru ake yi wa haka ba. Akwai irin da asalinsu ƙasashen Bahar Rum ne ko tsakiyar Asiya, waɗanda a daji ma sukan shiga ƙasa su yi dogon barci idan sanyi ya kankama. Su ne ake ajiyewa a sanyin da bai wuce digiri 5 ba ko kusa da haka, domin idan wurin ya ɗumama kaɗan sai su farka su ƙone kitsen jikinsu a banza, idan kuma ya kai ga ƙanƙara sai su makance ko su mutu.

Hadiza: To namu fa, wannan babban da ake gani a wasu gidaje yana kiwo a tsakar gida?

Malam Isa: Shi ne wanda na fi so mu tsaya a kansa. Turawa na kiransa sulkata, kuma ɗan Sahel ne, ana samunsa tun daga Senegal har Eritiriya, ciki har da Nijar da Chadi da Sudan. A girma, kunkurun tsibiran Galafagos da na Aldabra ne kawai suka fi shi. Wannan ba ya dogon barcin sanyi ko kaɗan, wanda kuwa ya saka shi a firji ya kashe shi. Abin da yake yi a daji shi ne ya haƙa rami mai zurfi, inda zafin rana da sanyin dare ba sa kaiwa, kuma akwai ɗan laima a ciki.

Hadiza: Ke nan wanda ya kawo shi gidan da aka shafe da siminti ya raba shi da ramin, dole ya samar masa madadinsa.

Malam Isa: Nan ne matsalar take. Jikin kunkuru ba ya samar da ɗumi da kansa, daga waje yake samu, kuma sai ya ɗumama abinci ke narkewa a cikinsa. A Amurka da Turai, inda ake kiwon sulkata sosai, masu shi kan keɓe masa ɗaki su rataya fitila mai zafi a kusurwa ɗaya, wurin ya kai kamar digiri 35, ɗaya ɓangaren kuma a bar shi da sauƙi, domin dabbar ta zaɓi inda take so. Da dare ba a son ya sauka ƙasa da digiri 15. Ga kuma fitila ta biyu mai hasken UVB, wato wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, wanda da shi jiki ke haɗa bitamin D3, idan babu shi ƙoƙon bayan ƙaramin kunkuru yakan yi laushi ya karkace.

Hadiza: Ashe ajiye shi kusa da taga ba zai wadatar ba?

Malam Isa: Ba zai wadatar ba, saboda gilashi yana tare wannan hasken. Mu dai Allah ya hutar da mu, domin ko a tsakiyar hunturu muna da rana. Abin da ake bukata a Kano ko Zinder shi ne a shigar da shi ɗaki da magariba a watannin Disamba da Janairu, musamman idan ƙarami ne, a shimfiɗa masa ƙasa da busasshiyar ciyawa mai kauri a cikin akwatin katako marar murfi maimakon a bar shi a kan daɓe, sannan a fito da shi idan hantsi ya ɗaga. Ina kuma roƙon jama'a kada a kai masa kaskon garwashi cikin rufaffen ɗaki, domin iskar da ke fita daga gawayi tana kashe mutum ma, balle dabbar da ke kwance a ƙasa.

Hadiza: Yaya mai shi zai gane cewa sanyi ya riga ya yi masa illa?

Malam Isa: Zai ga majina ko kumfa a hancinsa, idanu sun kumbura, yana buɗe baki yana numfashi, ya kuma daina cin abinci. Wannan sai likitan dabbobi. Kafin a kai ga haka, a riƙa zaunar da ƙaramin a ruwa mai ɗumi marar zurfi na kamar minti 15, saboda iskar hunturu tana busar da shi, a ba shi ciyawa a rage 'ya'yan itace.

Hadiza: Ni kuma zan ƙara da cewa tunda ya shigo ɗaki, yara za su riƙa taɓa shi, kuma kunkuru na ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai sa gudawa. A keɓe shi nesa da madafi, kuma duk wanda ya ɗauke shi ya wanke hannu da sabulu. Sai mun haɗu a shiri na gaba.